Renon Yaro Daga Shekara 1 Zuwa 3 a Saudiyya: Tambayoyi da Amsoshi Ga Iyaye Hausawa

Waɗannan tambayoyi ne da ke yawan dawowa a bakin iyaye mata da maza Hausawa mazauna Makka, Jidda da Madina, musamman waɗanda ke renon ɗan fari a gidan haya mai ɗaki biyu, nesa da kaka da gwaggo. A gida, tsakar gida ce ke yi wa uwa rabin reno: akwai rana, akwai ƙasa, akwai yayye da 'yan uwa da za su ɗauki yaro, akwai tsohuwar da ta ga goyo ashirin. A nan kuwa sai iyaye sun samar wa yaro waɗannan abubuwa da gangan, kuma yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan haka suka dogara.

Me ya kamata mu sa ran gani a wurin yaro tsakanin shekara 1 da 3?

A kusa da cikar shekara, yawancin yara suna miƙewa da dafa bango ko kujera, suna ɗaga hannu idan an yi musu sallama, suna faɗin kalma ɗaya ko biyu irin su "mama" da "baba" da sanin wanda suke nufi. Zuwa wata 18 yaro yana tafiya da kansa, yana nuna abin da yake so da yatsa, yana ƙoƙarin riƙe cokali, yana kwaikwayon shara ko ruku'u idan ya ga ana salla. A shekara 2 yana gudu, yana harba ƙwallo, yana haɗa kalmomi biyu kamar "ba ni" ko "Baba tafi". A shekara 3 yana iya gajeriyar hira da baƙo har a fahimci mafi yawan abin da ya faɗa.

Waɗannan watanni iyakoki ne masu faɗi, kuma yaro guda yakan yi gaba a wani fanni ya yi jinkiri a wani. Abin da ba a jira a kansa shi ne koma baya: yaron da ya iya kalmomi sannan ya daina faɗinsu, ko ya iya tafiya sannan ya daina, likita za a kai shi a makon.

Ɗanmu ya kai wata 14 bai fara tafiya ba, alhali ɗan maƙwabta ya yi tafiya a wata 10. Akwai matsala?

Mafi yawan lokuta babu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara masu lafiya a ƙasashe biyar, wato Gana, Indiya, Norway, Oman da Amurka, ta kuma fitar da sakamakon a 2006: kusan dukkansu sun fara tafiya ba tare da riƙo ba tsakanin wata 8 da ɗan ƙasa da wata 18. Ɗan wata 10 da ɗan wata 16 duk suna cikin wannan zango. Idan yaro yana rarrafe ko jan gindi, yana miƙewa da dafawa, yana bin gefen gado, to yana kan hanya. Idan ya cika wata 18 bai taka ba, ko yana jan ƙafa ɗaya, ko jikinsa ya yi laushi ko ya sanƙare fiye da kima, a je asibiti.

Abin da ke taimaka masa shi ne ƙasa. A shimfiɗa darduma a kan tayil, a cire masa safa domin kada santsi ya kwashe shi, a bar shi ya yi ta tatata tsakanin uwa da uba. Keken nan mai ƙafafun roba da ake zaunar da yaro a ciki ba ya koyar da tafiya, kuma shi ne ke gangarar da yara a matakalar bene; Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004. Keken katako irin na gida, wanda yaro ke turawa yana tsaye da ƙafafunsa, ya fi shi amfani nesa ba kusa ba. Idan damuwar ku lanƙwasar ƙafafu ce, ku duba amsar da ke kan zafi da rana.

Muna yi masa Hausa a gida, a waje yana jin Larabci. Shin harsuna biyu ne suka sa ya yi nawar magana?

A'a. Harsuna biyu ba sa jawo jinkirin magana, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin haka, domin yara nawa ne suka tashi da Hausa da Fulatanci, ko Hausa da Zabarmanci, ba tare da wata tangarɗa ba. Idan za a ƙirga kalmomin yaro, a haɗa na harsunan biyu wuri guda: "ruwa" kalma ce, "moya", wato ruwa da Larabci, ma kalma ce. Cakuɗa su a jimla ɗaya ba ruɗewa ba ce, abin da yake ji a bakin manya yake yi.

Wasu iyaye sukan daina yi wa yaro Hausa don tsoron kada ya sha wuya a makaranta, kuma a ganinmu wannan kuskure ne mai tsada. Larabci ba zai kuɓuce wa yaron da ya tashi a Makka ba, domin titi da masallaci da rauda, wato makarantar ƙananan yara, da makarantar firamare duk da shi ake magana. Hausa ce ba ta da mai ba shi ita sai ku. Idan ba ta zauna a bakinsa a waɗannan shekaru ba, ranar da Hajiya ta kira daga Kano ko Damagaram tana son jin muryar jikanta, sai an nemo tafinta. Ku yi masa tatsuniya, ku yi masa waƙar reno, ku riƙa faɗa masa sunan abin da kuke yi: "Ga tuwo na tuƙa", "Zo mu wanke hannu".

Alamomin da ke buƙatar likita ba su da alaƙa da yawan harsuna: ba ya juyowa idan an kira sunansa a shekara 1, ba ya nuna abu da yatsa kuma ba shi da kalma ko ɗaya a wata 18, ba ya haɗa kalmomi biyu bayan shekara 2, ko ba ya haɗa ido da mutane. Abu na farko da za a roƙa shi ne gwajin ji, domin ruwan da ke taruwa a kunne bayan mura yakan rage jin yaro ba tare da kowa ya lura ba.

Ba ya yin shiru sai an ba shi waya. Minti nawa ya dace?

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da ɗan ƙasa da shekara 2 gaban waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa 1 a yini, ƙasa da haka ya fi. Ta kuma so yaro ya samu aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini. Mun san halin da uwa take ciki idan tana ita kaɗai a gida, miji yana wurin aiki, tukunya tana kan wuta, waje kuma ba ya fituwa. Amma yaro daga bakin mutum yake koyon magana, mutumin da zai amsa masa gwarancinsa, kuma waya ba ta amsawa. A fara da cire ta a lokacin cin abinci da awa guda kafin barci, a maye gurbinta da robobi da ludayi a gefen kicin nesa da murhu. Kiran bidiyo da kaka daban yake, domin hira ce da mutum.

Yaushe ya kamata a yaye shi, kuma yaya za a yi tunda babu kakar da za a kai mata?

Aya ta 233 a Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda ya so cika shayarwa, ta kuma halatta yaye kafin nan idan iyayen biyu sun yi shawara sun yarda. Masana lafiya ma shawararsu ita ce a ci gaba da ba da nono tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Al'adar kai yaro gidan kaka rana ɗaya tana tafiya ne a inda yaron ya saba da kakar tun yana jariri. Kai shi gidan maƙwabciyar da bai sani sosai ba yana haɗa masa rashi biyu, na nono da na uwa. Shafa maɗaci ko barkono a nono shi ma ba mu goyon bayansa. Hanyar da ta fi sauƙi ga kowa ita ce a rage shayarwa ɗaya-ɗaya a cikin makonni uku ko huɗu, a fara da ta tsakar rana, a bar ta dare zuwa ƙarshe, kuma uba ya karɓi kwantar da yaro a dararen nan. Wannan yana kare uwa daga kumburin nono da zazzaɓi. Kada a fara yaye yaro yana jinya, ko ana shirin tafiya, ko a makon da aka sauya gida.

Na samu ciki ina goyo. Gaskiya ne nonona zai cutar da shi?

Ba gaskiya ba ne, nonon mai ciki ba ya lalacewa. Abin da ke faruwa shi ne yakan ragu, ɗanɗanonsa ya sauya a tsakiyar cikin, don haka yaron da ba a ƙara masa abinci ba sai ya rame, mutane su ɗora wa nonon laifi. Ki ƙara cin abinci, ki ƙara masa nasa, ki shaida wa likitar awo cewa kina shayarwa. Idan kina zubar jini ko kin taɓa haihuwar bakwaini, ita za ta yanke shawarar ko a dakata. Idan an zaɓi yaye, a bi matakan da ke amsar da ta gabata.

Tun da ya cika shekara ya rage cin abinci. Me za mu yi?

Wannan koke ya fi kowane yawa, kuma yana da dalili. A shekarar farko nauyin yaro yakan ninka sau uku, amma a ta biyu kilo 2 zuwa 3 kawai yake ƙarawa, saboda haka yunwarsa ma tana raguwa. A ba shi abinci sau 3 ko 4 a yini daga tukunyar gida, da ɗan abin taɓawa sau 1 ko 2: tuwo mai laushi da miyar kuka ko kuɓewa, faten wake, ƙwai, kifi da aka cire wa ƙaya, hanta, kunun gyaɗa mai kauri, shinkafa da naman da aka dagargaza. Aikin ku shi ne zaɓen abincin da lokacinsa, shi kuma ya zaɓi yawan da zai ci. Ɗura ta hanyar toshe hanci tana iya kai abinci cikin huhu, kuma tana sa yaro ya tsani kwano.

Abubuwa biyu ne ke cika cikin yara a nan ba tare da an lura ba. Na farko madara da lemon kwali: madarar shanu kada ta wuce kusan rabin lita a yini, domin ba ta da sinadarin ƙarfe sosai kuma tana hana cin abin da ke da shi. Na biyu shayi, wanda ba a raba gidajenmu da shi, alhali yana hana hanji tsotsar ƙarfen da ke cikin abinci. Yaron da tafin hannunsa ya yi fari, yana saurin gajiya, ko yana cin ƙasa da bango, a auna jininsa, a kuma roƙi gwajin sikila idan ba a taɓa yi ba.

Akwai abincin da ke da haɗari a wannan shekaru?

Dabino sai an cire ƙwallon an yayyanka, inabi a tsaga shi gida huɗu, gyaɗa da gurguru da alewa mai tauri kuma a jinkirta su, domin su ne ke shaƙe yara. Ba a ba ɗan ƙasa da shekara 1 zuma. Yaro ya ci a zaune, babba yana kallonsa.

Sai ful, wani dafaffen wake da ake karyawa da shi da burodin tamis a kusan kowane gidan Hijaz, wato yankin Makka, Jidda da Madina. Akwai wata larurar gado da likitoci ke kira ƙarancin G6PD, wadda ta yawaita a Afirka ta Yamma da wasu yankunan Saudiyya, kuma ta fi bayyana a maza. Mai ita idan ya ci wannan wake, ko ya sha wasu magunguna, ƙwayoyin jininsa suna iya farfashewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Alamarta fitsari mai duhu kamar shayi, idanu su yi rawaya, yaro ya yi laushi. Wannan na gaggawa ne. Idan akwai mai larurar a dangi, a gwada yaron kafin a ɗanɗana masa.

Haƙori ne ke kawo masa zazzaɓi da gudawa?

Haƙori yana kawo dalalar miyau, ƙaiƙayin dasashi da rigima, amma ba ya kawo zazzaɓi mai zafi ko gudawa. Turamen farko suna fitowa wajen wata 13 zuwa 19, haƙoran nono 20 kuma suna cika kafin shekara 3, don haka duk wata cuta da ta zo a wannan tsakani za ta tarar da wani haƙori yana fitowa. Kalmar "haƙori ne" ta sa an zauna da yara a gida har jikinsu ya bushe. Idan gudawa ta zo, a fara ba da ruwan gishiri da sukari na fakiti, a ci gaba da nono da abinci. Idan idanu sun faɗa, fitsari ya ɗauke, yaro ya kasa sha, ya yi jijjiga, ko numfashinsa yana sama-sama, a tafi sashen gaggawa, ko a kira motar asibiti a lamba 997. Don neman shawarar likita ta waya, lambar Ma'aikatar Lafiya 937 ce.

Ba a gama allurar rigakafi a shekarar farko ba?

Ba a gama ba. A jadawalin Saudiyya akwai komawa cibiyar lafiya a wata 12, wata 18 da wata 24. A nan ake yin allurar ƙyanda da hangum sau biyu, da ta ƙarambau, da ta ciwon hanta nau'in A, da ƙarin ta shan inna. Wanda ya makara ba ya farawa daga tushe, ana ɗorawa ne daga inda aka tsaya, kuma 'yar mura ba ta hana allura. A adana katin kamar yadda ake adana iƙama, wato katin izinin zama, domin za a neme shi ranar shiga makaranta.

Awa nawa ya kamata ya yi barci, ganin cewa a nan ana raba dare?

Ɗan shekara 1 zuwa 2 yana buƙatar awa 11 zuwa 14 a cikin awa 24, har da na rana. Zaman Makka da Jidda na dare ne, ziyara da cefane sai bayan isha'i, a watan Ramadan kuma har gari ya waye. Ba lallai ne ku bi agogon Turawa ba, amma lallai ne lokacin ya zama ɗaya kullum kuma awannin su cika. Yaron da ya kwanta ƙarfe ɗaya na dare aka tashe shi da hantsi, shi ne wanda za a ce ya cika rigima da yamma. A Ramadan gara iyaye su yi karɓa-karɓa wajen tarawihi da a riƙa yawo da shi har sahur kwana talatin.

Zafi ya hana mu fita da shi. Yaya za mu yi da rana da wasa?

A lokacin bazara zafin Makka yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma hukuma da kanta tana hana ma'aikata aiki a rana daga 12 zuwa 3 tsakanin 15 ga Yuni da 15 ga Satumba. Abin da aka hana ƙato, ba a yi wa yaro shi. Kada a bar shi cikin mota a rufe ko na minti biyar, kuma a mota kujerarsa ta baya ce da ɗamara, ba cinyar uwa a gaba ba.

Sai dai kulle yaro a ɗaki mai sanyi yana da nasa sakamako. Fata tana samar da bitamin D ne idan rana ta taɓa ta kai tsaye, ba ta bayan gilashin taga ba, kuma baƙar fata tana buƙatar lokaci fiye da fara. Shi ya sa ƙarancinsa ya yawaita a ƙasar da rana ta yi yawa haka. 'Yar lanƙwasar ƙafa kafin shekara 2 ba abin tsoro ba ce, amma idan tana ƙaruwa, ko wuyan hannu ya kumbura, ko maɗiga ba ta rufe ba bayan shekara 2, a gwada shi, a kuma tambayi likita game da ɗigon bitamin D. A fita da shi da sassafe ko bayan la'asar, zuwa lambun unguwa ko bakin teku ga mazauna Jidda. Iyaye mata uku ko huɗu su haɗa 'ya'yansu a gida ɗaya sau biyu a mako, domin yaro yana buƙatar yara.

Yana birgima a ƙasa, yana cizo. Sai an doke shi zai daina?

Wannan rigima takan fara bayan shekara 1, ta yi ƙarfi a shekara 2, saboda abin da yaro ke so ya fi abin da bakinsa ke iya faɗa. Yunwa da rashin barci suna hura ta, don haka ku koma ga amsoshin da ke kan abinci da barci kafin ku ce halinsa ne. Idan ta taso, a janye shi daga abin da zai ji masa ciwo, a tsaya kusa, a bar ta ta wuce, kuma kada a ba shi abin da ya yi birgimar dominsa. Idan ya yi cizo, a riƙe shi a dube shi a ce "A'a, cizo da ciwo", sannan a lallashi wanda aka ciza.

Duka ba ya koya wa ɗan shekara 2 komai sai tsoro da duka. Ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, kuma yakan taƙaita salla idan ya ji kukan yaro don tausayin uwarsa. Uwar da ta ji ranta ya ɓaci ta ajiye yaro a wuri mai aminci ta fita daga ɗakin na ɗan lokaci, kada ta jijjiga shi. Maigida kuma ya sani cewa matar da ta wuni ita kaɗai da yaro tana buƙatar a karɓe ta idan ya dawo.

Yaushe za a cire masa famfas?

Idan yana wuce awa biyu bai jiƙe ba, yana sanar da ku ya yi ko zai yi, yana iya zama da tashi da kansa. Ga yawancin yara wannan yana zuwa tsakanin wata 18 da shekara 3. A zaunar da shi a kan fo bayan ya tashi daga barci da bayan cin abinci, a yaba masa idan ya yi, a yi shiru idan ya ɓata. Fitsarin kwance na dare yakan ɗauki wasu shekaru, kuma ba laifinsa ba ne.

Za mu iya kai shi Harami?

Za ku iya, kuma hadisin matar da ta ɗaga ɗanta ta tambaya ko yana da hajji, aka ce mata yana da shi kuma tana da lada, yana cikin Muslim. A zaɓi lokacin da cunkoso ya ragu, a guji goman ƙarshe na Ramadan da kwanakin aikin hajji, a yi ɗawafi a bene. Goyo da zani ya fi aminci a cikin jama'a. A ɗaura masa abin hannu mai sunansa da lambar wayar uba, a tafi da ruwa da famfas na canji, kuma a tabbatar allurarsa ta cika, domin nan ne mutanen duniya ke haɗuwa da tarinsu da murarsu.

Kwalli da turaren wuta fa, da sauran kayan gida?

An sha samun dalma a kwallin gargajiya da ake sayarwa a kasuwa, kuma dalma tana cutar da ƙwaƙwalwar yaro a hankali ba tare da wata alama ba, don haka gara a bar idanunsa haka. Turaren wuta a kunna shi yaro ba ya ɗakin, a buɗe taga kafin ya shigo, musamman mai yawan tari, kuma a ɗauke kaskon daga ƙasa. Kada a zuba ruwan wanki ko kananzir a robar ruwan sha. Bokiti mai ruwa kaɗan ya isa ya halaka yaron da ya kifa a ciki, don haka a juye shi, a rufe banɗaki da murfin tankin ruwa. Idan ya haɗiye sinadari ko ƙaramin batir, kada a sa shi amai, a tafi asibiti da abin a hannu.

Za mu kai shi gida ganin dangi karo na farko. Me za mu shirya?

Babban abin shiri shi ne zazzaɓin cizon sauro. Yaron da aka haifa a Makka ko Jidda jikinsa bai taɓa haɗuwa da cutar ba, kuma tana iya yi masa tsanani cikin kwana ɗaya ko biyu. A ga likita wata guda kafin tafiya domin ya rubuta maganin kariya daidai da nauyinsa, a shaida masa idan yaron yana da ƙarancin G6PD ko sikila. Allurar shawara ana yin ta daga wata 9, aƙalla kwana 10 kafin tashi, a kuma tafi da katinta. A can ya kwana cikin gidan sauro, ya sha ruwan da aka tafasa ko na roba.

Zai yi ƙyuya idan dangi suka taru a kansa, kuma hakan daidai ne ga shekarunsa. Ku sanar da Hajiya tun kafin ku iso cewa a ba shi kwana biyu ko uku a jikin uwarsa kafin a fara ɗaukarsa. Bayan kun dawo, duk zazzaɓin da ya kama shi a cikin watannin da suka biyo baya, ku faɗa wa likita ƙasar da kuka je da ranar da kuka dawo, ku roƙi a yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar.